Ƙamshi a Ganye, Gara a Saiwa

Duk wanda ya taɓa ratsa layin itatuwan turare da aka dasa don tare iska a ƙasar Kano ko Jigawa ko Katsina ya san wannan ɗabi'a: hannu ya kai ga reshe, ka tsinko ganye ɗaya, ka murza tsakanin yatsu, ka kai hanci. Ƙamshin nan mai buɗe maƙoshi, irin na man zafin da ake shafa wa yaro a ƙirji idan mura ta kama shi, daga wani ɗan mai yake fitowa da ke ɓoye cikin ganyen. Na yi haka wata damina a bayan garinmu, a filin da muka dasa turare da maɗaci da dogon yaro muna samari 'yan ƙungiyar raya gari. Ganyen da na murza ƙamshinsa bai ragu ba ko kaɗan, amma dashen da na tsinko shi a jikinsa ya riga ya langaɓe. Da na ja shi, sai ya biyo hannuna ba gardama. Gara ta cinye saiwar tas, ta bar masa ganye da ƙamshi.

Shekaru sun ja, amma wannan dashe ne ke faɗo mini a rai duk sa'ad da na ji ana cewa man ƙamshin tsirrai zai maye gurbin magungunan feshi wajen kare dazuzzuka daga ƙwari. Maganar ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan. Mujallun kimiyya cike suke da ita, daga Turkiyya har Burazil, kuma ɗalibanmu na sashen gandun daji da na ilimin ƙwari suna ta rubuta kundin digiri a kanta. Ina cikin masu son abin ya yi nasara, kuma son ne ya sa nake tsoron irin tallar da ake yi masa. Man nan yana da aiki na gaske, aiki mai daraja, sai dai wurin aikin ƙarami ne kuma sananne. Idan aka ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, aka ce shi zai tsare dubban kadada, zai gaza. Ranar da ya gaza kuwa, manomi da malamin daji za su koma wa gubar da suka saba da ita da zuciya ɗaya, su toshe kunne daga duk mai zancen ganye.

Kalmar “mai” tana ruɗar mutane a nan. Wannan ba irin man gyaɗa ko man kaɗanya ba ne da ake matsewa daga ƙwaya. Ganye ko ɓawo ko fure ake zubawa a tukunya a tura masa tururi, tururin ya kwashi sinadaran ƙamshi ya bi ta bututun da aka nutsa cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa, ɗan man ya taso sama a kwalfe shi. Idan ka ɗiga shi a takarda, kafin a jima ya tashi, bai bar maiƙo ba. Kanumfari yana da sinadarin yujinol, turare yana da siniyol, itacen fayin na ƙasashen sanyi yana da faynin. Tsiro ba don hancinmu yake yin su ba. Allah bai ba shi ƙafar gudu ba, sai ya ba shi waɗannan: wani ya ɓata wa tsutsa baki ta daina ci, wani ya kori uwar tun kafin ta ajiye ƙwai, wani kuma ya kira maƙiyin tsutsar ya zo ya yi kalaci da ita.

Bincike ya nuna wasu daga cikin sinadaran jijiyar ƙwaro suke taɓawa, suna rikita wani saƙo da ake kira oktofamin, wanda jikin ƙwari ke dogara da shi ƙwarai alhali mu da dabbobinmu kusan babu ruwanmu da shi. Kuma tun da mai guda yana iya ƙunsar sinadarai gommai, ƙwaro ba ya saurin sabawa da shi yadda yake sabawa da guba mai fuska ɗaya. Dalilin ke nan da ya sa a 1996 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ware irin su man kanumfari da na kirfa da na na'a-na'a a jerin magungunan ƙwari masu ƙarancin haɗari, waɗanda ba sai sun bi doguwar hanyar rajista ba.

Mu dai ba baƙi ba ne a wannan fage. Iyayenmu mata sun daɗe suna shimfiɗa bunsurun fadama da ɗaɗɗoya a rumbu, suna cusa kimba da barkono cikin wake, suna turara ɗaki da hano. A Sanagal manoma na zuba ganyen anza da 'ya'yanta cikin hatsi, kuma da aka bincika sai aka tarar tana fitar da wani tururi mai kashe ƙwaron wake. Masana a Togo sun tatsi man nobe sun gwada shi a kan wannan ƙwaro, ya yi aiki. Duk gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma a lura da abu ɗaya da ya haɗa su: rumbu yana da murfi, tulu yana da marufi, buhu ana ɗaure masa baki. Ƙamshin ba shi da wurin zuwa, dole ya zauna tare da ƙwaron har ya ga bayansa. Daji ba shi da murfi.

Ban manta da abin da ya sa ake neman mafita ba, domin tarihin feshin daji tarihi ne mai ɗaci. A lardin Niyu Buranzuwik na Kanada, tun daga 1952 jirage suka fara zuba DDT a kan dazuzzuka don kashe wata tsutsa mai cin tohon itatuwa. A 1954 feshin ya kai kogin Miramici, ƙananan kifayen salmon suka mutu bila adadin tare da ƙwarin ruwan da suke ci. Rachel Carson ta kawo labarin a littafinta na 1962, tsutsar kuwa ba ta ƙare ba, aka ci gaba da feshi shekara da shekaru. A nan gida, lokacin da aka himmatu wajen dasa turare a yankin sabana, da aldirin da dayaldirin ake tsare saiwar dashe daga gara. Suna aiki sosai, don suna daɗewa a ƙasa shekaru ba su lalace ba, kuma wannan daɗewar ce ta sa yarjejeniyar Istokholm ta 2001 ta sanya su cikin guba goma sha biyu na farko da duniya ta amince a daina. Abin da ya maye gurbinsu a hannun talaka shi ne duk abin da ya samu a kasuwa, har da fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalba ba suna ba awo. Mun ga ƙarshen wannan sakaci a 2015, da Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Mai neman abin da ya fi wannan tsabta yana da hujja, kuma ina tare da shi.

Sai dai hujja daban, lissafi daban. Abin da ya sa man ƙamshi bai gurɓata ƙasa shi ne kuma rauninsa: ba ya zama. A fesa shi da hantsi a zafin Afrilu, kafin la'asar mafi yawansa ya bi iska, rana ta ƙona saura. Ganyen turare irin wanda muke dasawa kuwa, kilo ɗari yakan ba da abin da bai wuce lita ɗaya ko biyu na mai ba. Mu ƙaddara za a fesa kadada guda da ruwa lita 200, a sa mai kashi ɗaya cikin ɗari. Lita biyu ke nan, wato ganye har kilo 200. Gandun daji mai kadada 10,000 zai ci lita 20,000, ganye har tan 2,000, a feshi ɗaya tak, wanda dole a maimaita bayan 'yan kwanaki. Ba a zo kan itacen da za a hura a ƙarƙashin tukunyar tatsar ba. A ƙasar da mace ke yin tafiyar rabin yini neman makamashi, wa zai yarda a sare daji guda don a turara wani? A lardin Biritish Kolambiya na Kanada, wani ƙwaron fayin ya lalata fiye da kadada miliyan 18 daga shekarun 1990 zuwa yau. Babu tukunyar da za ta tatsi man wannan fili, ko da an haɗa tukwanen duniya.

Akwai kuma matsalar inda ƙwaron yake. Akasarin gwaje-gwajen da ake wallafawa a faranti ake yin su: a sa tsutsa ashirin a ɗan kwanon gilashi, a ɗiga mai, a rufe, gobe a ƙirga matattu. A Turkiyya an yi wa wata tsutsar fayin mai tafiya a jere haka, a Sabiya an yi wa wata mai cinye ganyen itatuwan oak haka da man ɗaɗɗoya, kuma sakamakon yakan yi kyau. To amma manyan maƙiyan itace ba a fili suke kwana ba. Ɗauki maɗaci. Dalilin da ya sa har yau aka kasa yin manyan gonakinsa a Afirka ta Yamma, duk da darajar katakonsa, wata ƙaramar tsutsa ce. Uwarta na ajiye ƙwai a kan sabon toho, tsutsar na ƙyanƙyashewa ta huda ta shige ciki, ta ci bargon har kan ya bushe. Bishiyar ba ta mutuwa, sai dai ta yi rassa barkatai maimakon ta miƙe, katakon ya tashi daga aiki. Tsutsar da ke cikin toho, feshin waje bai dame ta ba. Haka ƙwaron da ke ƙarƙashin ɓawo, haka gara da ke tafe ta ƙarƙashin ƙasa daga shurin da ke can nesa. Farar bishiya da ke cinye ganyen dakwara a Kurdufan, ta rage wa masu ɗiban ƙaro amfanin shekara, da dare take tafiya, har mutanen Sudan ke kiranta mai tafiyar dare. Kafin mai famfon feshi ya iso ta ƙara gaba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karatu a kan wannan fanni, kuma wanda masu talla ba sa faɗa, shi ne cewa ƙamshin da ke korar wani ƙwaro shi ne ke kiran wani. Ƙwarin da suka shekara dubbai suna cin bishiya guda sun koyi makaminta, har sun mayar da shi alamar gida. Ƙwaron fayin da na ambata bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Macen ce ke fara huda ɓawo. Bishiyar ta tura mata ƙaro mai cike da faynin don ta nutsar da ita, idan bishiyar na da lafiya da isasshen ruwa takan yi nasara. Idan fari ya raunana ta, sai ƙwaron ya ɗauki faynin ɗin nan, jikinsa ya juya shi ya koma wani ƙamshi da ke kiran 'yan'uwansa: ku zo, ga wadda ta gaji. Dubbai su sauka a kanta cikin kwanaki kaɗan. Danginsa na Turai haka ya yi wa dazuzzukan Jamus da Jamhuriyar Cek bayan farin 2018. Shi kansa turare, da duk ƙamshinsa, yana da wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai kumbura masa jijiyar ganye da toho, wanda aka fara lura da shi a Gabas ta Tsakiya wajen shekarar 2000, ya bazu zuwa gabashin Afirka, kuma irin turaren da muka fi dasawa yana cikin waɗanda ya fi so. Saboda haka wanda ya ɗauki kowane mai ya fesa a kowane daji, yana iya zama sanƙira ne mai gayyatar baƙi zuwa gidan da ya zo tsarewa.

A nan ne kuma, a ganina, ainihin amfanin abin ya ɓoye. Idan ƙwari da ƙamshi suke magana da juna, to wanda ya san harshen zai iya sa baki. Labarin ƙwaron fayin bai ƙare a gayyata ba. Idan bishiyar ta cika, faynin ɗin nan dai yakan rikiɗe ya zama wani sinadari mai suna babinon, ma'anarsa a wurinsu: nan babu sauran wuri, ku nemi wata. Babinon yana cikin man wasu tsirrai kamar rosmari. Ma'aikatan daji a Amurka da Kanada suna zuba shi a ƙananan jakunkuna masu sakin ƙamshi a hankali, su manna a jikin bishiya kafin lokacin tashin ƙwarin. Ba ya kashe ko ɗaya. Ƙarya kawai yake yi musu, su wuce. Da haka ake tsare itatuwan wuraren shaƙatawa da na bakin gidaje da waɗanda ake ɗiban iri a jikinsu. Su kansu masu aikin sun yarda cewa idan annobar ta kai maƙura, ƙwarin sukan yi biris da saƙon. Amma ka duba bambancin awo: 'yan giram a jikin bishiyar da aka zaɓa, maimakon lita dubbai a kan daji duka.

Haka ma ta ɓangaren kira. Da wani koren ƙwaro daga Asiya ya bayyana a Ditiroyit da Winza a 2002 ya fara kashe itatuwan ash, miliyoyi bisa miliyoyi, ɗaya daga cikin abubuwan da aka rataya a tarkunan gano inda ya kai shi ne man manuka na ƙasar Niyu Zilan, don ƙamshinsa ya yi kama da na bishiyar da ta galabaita. An yi amfani da shi a Fulorida ma wajen bin sawun wani ƙwaro da ke barazana ga gonakin fiya. Tarkon ba ya ƙarar da ƙwari. Yana gaya wa malamin daji cewa abokin gaba ya iso, tun bai yi nisa ba, kuma a aikin daji wannan labarin na farko yakan fi feshi goma amfani.

Wanda ya fi burge ni duka daga kudu maso yammacin Faransa ya zo, inda akwai dajin fayin da mutane suka dasa mai kusan kadada miliyan guda. Hervé Jactel da abokan aikinsa sun lura cewa inda aka bar wasu itatuwa masu faɗin ganye a gefen gonar fayin, tsutsar nan mai tafiya a jere takan ragu. Itatuwan suna tare wa uwar gani, kuma ƙamshin da wasunsu ke fitarwa, kamar bishiyar bac, yana ɓatar mata da hanya. A 2007 shi da Eckehard Brockerhoff suka tattara bincike masu yawa daga sassan duniya, suka nuna cewa bishiyar da ke cikin dajin da aka gauraya iri-iri ba ta shan ɓarnar ƙwari kamar wadda ke cikin gonar iri ɗaya. Wato bishiya mai rai tukunyar tatsa ce da ba ta cin itace, tana sakin manta dare da rana, ba mai biyan ta. Manomin Maraɗi da Damagaram da ya rungumi sassaben zamani tun daga shekarun 1980, ya bar gawo da kalgo da sabara da aduwa suka tsiro daga tsoffin kututture a gonarsa, har aka farfaɗo da kimanin kadada miliyan biyar, ya riga mu aiki da wannan ilimi. Tsiron da ya fito daga tsohuwar saiwa mai zurfi bai san fargabar da dashen leda ke sha daga gara ba.

Dole a ce wani abu game da dogon yaro, don da zarar an ambaci maganin ƙwari na ganye shi ke zuwa bakin kowa. Man darbejiya ba ya cikin mayukan ƙamshi. Matse shi ake yi daga ƙwaya, kuma ƙarfinsa yana cikin wani sinadari mai nauyi da ba ya bin iska. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan ya ga fara ta sauka ta cinye komai ta bar dogon yaro kore shar. A 1968 aka ware sinadarin a Ingila, aka sa masa suna azadiraktin. Yana hana ƙwaro ci, yana hana tsutsa saɓa ta girma. Abin lura shi ne yadda ya sami shiga aikin daji: hukumar gandun dajin Kanada ta haɗa shi a matsayin allura, ana huda gindin bishiyar ash a ɗura, ruwan jikinta ya kai shi har inda tsutsar koren ƙwaron nan ke ci, a maimaita kamar bayan shekara biyu. Bishiya ɗaya-ɗaya ake yi wa, ta bakin titi da ta filin makaranta. Ƙwayar da ke zuba tana ruɓewa a titunan Maiduguri da Sakkwato da kwarin Majiya, inda aka jera dogon yaro don tare iska tun 1975, ita ce wasu suka tace suke ceton itatuwan biranensu da ita. Wannan yana yi mini ciwo. Kuma ko shi dogon yaron ba gagara-badau ba ne: a shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya yi masa mummunar ɓarna a yankin tafkin Cadi.

Ina roƙon masu wa'azin “na ganye ne, ba ya cutarwa” su sassauta. Tunfafiya ma ganye ce. Man kanumfari da shi ake sumar da kifi a wuraren kiwo, idan ya yi yawa ya kashe shi, don haka wanke famfon feshi a rafi ɓarna ce. Shi da man kirfa ana sayar da su a matsayin maganin ciyawa, ma'ana idan awo ya zarce za su ƙone ganyen dashen da aka zo karewa. Man turare kaɗan idan yaro ya sha zai iya kai shi asibiti. Masu kiwon zuma a Turai suna sa sinadarin taimol a amya don kashe wata kaska da ke addabar ƙudan, amma da awo da lura da zafin gari, domin idan ya wuce kima ƙudan ne ke wahala. Dajinmu kuwa cike yake da ƙwarin da muke ci da guminsu: masu barbarar furen ɗorawa da kaɗanya, da tururuwar bishiya, wadda aka ga 'yar'uwarta a arewacin Ostireliya tana rage wa maɗaci ɓarnar tsutsar toho. Tsutsar da ke cinye ganyen kaɗanya da damina, a Bobo Julaso abinci ce da ake soyawa a sayar, bishiyar kuma ta sake toho. Kafin a kira abu annoba, ya kamata a tambayi matan da ke kai shi kasuwa.

Kuma neman man kansa yana iya kashe daji. Wani itacen Amazon da ake tatsar man ƙamshi daga gare shi an sare shi har sai da aka sa shi ƙarƙashin dokar kare nau'o'in da ke fuskantar ƙarewa a 2010. A Habasha, itatuwan lubban da ake yawan tsagawa suna raunana, ƙwaro mai huda itace ya sami ƙofa. Idan gobe kasuwar man kimba ko na hano ta buɗe ba tare da an noma su ba, mun san abin da zai biyo baya, mun gani a kan madobiya.

To ina wurin aikin? Yana nan kusa, inda dashe ke mutuwa. Tun 2007 ƙasashen Afirka suka ɗauki alkawarin Babbar Koriyar Ganuwa daga Sanagal zuwa Jibuti, Najeriya ta kafa mata hukuma a 2015, jihohi goma sha ɗaya na arewa suna ciki. Kowace damina muna jin adadin dashen da aka raba. Adadin waɗanda suka ga damina ta biyu shi ne ba a cika shelantawa ba, kuma duk wanda ya taɓa dasa itace ya san masu cinye su: ƙishirwa, akuya, gara. Rayuwar bishiya tana da ƙofofi uku masu ƙunci. Akwai ɗakin ajiyar iri, inda ƙwaro ke huda ƙwayar dakwara da bagaruwa da gawo tun ba a shuka ba. Wannan rumbu ne, yana da murfi, man nobe ko na ɗaɗɗoya zai yi aikinsa a can yadda ya yi wa wake. Akwai wurin reno, inda dubban leda ke jere a ƙarƙashin rumfa guda, fili kaɗan, ma'aikaci na nan kullum, maimaita feshi ba wahala ba ce, kuma shi ma'aikacin da ke shaƙar abin da yake fesawa ya cancanci abin da ba zai ci masa huhu ba. Sai ramin dashe a shekarar farko. Wannan ita ce ƙofa mafi wuya, kuma a nan nake son masananmu su tare. Tambayar ba wai ko man yana kashe gara ba ce, an riga an amsa ta a faranti sau da yawa. Tambayar ita ce yadda za a sa shi ya zauna a ƙasa wata uku: a jiƙa shi cikin laka a gasa, ko a cakuɗa da garin gawayi, ko da tunkuzar darbejiya, ko kuwa a lulluɓe shi da ƙaro. Masana'antun duniya da ƙaron dakwara suke kulle ƙamshin lemon kwalba don kada ya tashi, wani ɓangaren ƙaron kuma daga Yobe da Barno da Jigawa yake fita.

Muna da wuraren da za a yi wannan. Cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa da ke Ibadan tana da tasha a Samaru da kuma ta binciken itatuwan tare iska a Kano, ga jami'o'i a kowace jiha, ga takwarorinsu a Yamai da Kumasi da Ngaundare. Abin da nake roƙon shugabannin sassa shi ne su daina karɓar kundin da ya tsaya a kwanon gilashi. Ɗalibin da ya ce man kaza yana kashe gara, a ba shi dashe ɗari uku da fili mai shuri a kusa: ɗari da mansa, ɗari da maganin kasuwa, ɗari ba komai, a gauraya layukan, a kewaye daga dabbobi, a ba su ruwa daidai wa daida. Ya rubuta yawan ganyen da ya tatsa da itacen da ya ƙona da kuɗin da ya kashe. Idan bai yi aiki ba ya rubuta haka, a ba shi digirinsa, domin ya tsare wa wasu asarar shekara. Sannan a koma filin a watan Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙurmus kuma gara ba ta da abin ci sai saiwar dashe, a bi layi a ja kowane ɗaya da hannu, a ƙirga nawa ne suka riƙe ƙasa a cikin kowane ɗari, da naira nawa kowannensu ya ci.